Ƙararrawar Jiki: Abin da Zazzaɓi Yake Faɗa, da Gyambon da Ba Ya Ciwo

Akwai tambayoyi biyu da masu jinya suke yawan yi mana a asibiti. Ta farko ita ce, "Likita, me ya sa jikin yaron nan ya yi zafi haka?" Ta biyun kuwa takan fito daga bakin wanda ya zo a makare: "Ai ba ya yi mini ciwo, shi ya sa ban zo da wuri ba." Amsar tambayoyin nan guda ɗaya ce, tana cikin yadda Allah ya shirya wa jikinka masu gadi. Darasin yana da 'yar wuya a tsakiya. In ana karanta muku shi a majami'a ko a zaure, mai karatu ya bi a hankali, ya maimaita inda ba a gane ba.

Garkuwa iri biyu

Jikinka yana da garkuwa iri biyu. Akwai wadda take koyo: sai ta haɗu da cuta, ta yi kwanaki tana nazarinta, sa'an nan ta riƙe kamanninta. Ita ce ta sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi, kuma ita ce allurar rigakafi take koya wa aiki. Amma tana da nawa, takan ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin ta shirya. Ƙwayar cuta kuwa ba ta jira. Wasu irin bakteriya, in sun sami wuri mai daɗi, ɗaya takan zama biyu cikin minti 20.

Saboda haka akwai garkuwa ta biyu, wadda aka haife ka da ita. Ba ta bukatar koyo, tana tashi cikin mintoci ko 'yan sa'o'i. A kanta za mu yi magana.

Fata ita ce katangar farko, tare da majina da hawaye da ruwan tsami na ciki. Bayan katangar akwai masu gadi, wato wasu daga cikin fararen ƙwayoyin jini. Waɗansu suna zaune a ƙarƙashin fata, da cikin huhu, da hanta, da saifa. Aikinsu haɗiye duk wani baƙon abu, don haka bari mu kira su masu haɗiya. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Elie Metchnikoff, shi ne ya bayyana aikinsu. A 1882 ya soka ƙayar fure a jikin wata 'yar halittar teku mai jiki garau kamar ruwa, da gari ya waye ya duba da madubin likita, ya ga ƙwayoyin sun yi cincirindo a kan ƙayar. Daga baya ya yi aiki a Cibiyar Pasteur ta Faris. Cibiyar Pasteur ta Kodebuwa, wadda aka kafa a Abijan a 1972, daga wannan gidan ta samo sunanta.

Mai gadi marar ido

To, ga abin tambaya. Mai haɗiya ba shi da ido, ba shi da kunne. Yaya yake gane cuta?

Ka tuna mai gadin shaguna a kasuwar Ajame da dare. Bai san sunayen ɓarayin Abijan ba, kuma ba ya bukatar sani. In ya ga mutum a bayan shago da ƙarfe biyu na dare riƙe da ƙarfen ɓalle kwaɗo, magana ta ƙare. Kayan aikin ɓarawo ne suke tona masa asiri. Haka ƙwayoyin cuta suke: suna da wasu kaya da ba sa iya rabuwa da su, kuma babu irinsu a jikin ɗan Adam. Ƙwayar da take kawo taifot tana da wani irin maiƙo haɗe da sukari a rigarta ta waje, likitoci suna kiransa LPS. Wasu bakteriya suna da wutsiyar da suke iyo da ita. Bairos, irin na mura ko ƙyanda, yakan bar wani irin zaren gado da jikinmu ba ya yin irinsa.

A fatar mai haɗiya akwai wasu 'yan abubuwa da aka gina da furotin. Furotin shi ne kayan ginin jiki, irin wanda muke samu a wake da gyaɗa da nama da ƙwai. Jiki yana narkar da shi, ya sake ƙera nasa iri-iri, kowanne da siffarsa. Waɗannan da ke fatar mai gadi za mu kira su makama, domin aikinsu kamawa. Kowace makama tana da rami ko lungu mai siffa ta musamman, kamar kube. Kuben wuƙa ba ya karɓar lauje. Abin da siffarsa ta dace da ramin ne kaɗai yake shiga ya zauna. Kuma siffa kaɗai ba ta isa ba. Bangon ramin yana da wuraren da suke jan abin kamar mayen ƙarfe, da wuraren da suke son maiƙo suna ƙin ruwa. Sai duk sun dace kafin abu ya manne.

Akwai dangin makama guda 10 a jikin mutum da ake kira Toll. An fara gane aikinsu a jikin ƙananan ƙudajen nan da suke bin ruɓaɓɓen mangwaro. A 1996, a birnin Strasbourg na Faransa, Jules Hoffmann da abokan aikinsa suka ga ƙudan da makamarsa ta lalace, naman gwari yana cinye shi har ya mutu. A 1998 Bruce Beutler a Amurka ya nuna cewa ɓeraye suna da makama irin wannan, kuma ita ce take kama maiƙon LPS. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2011. Abin mamaki ne a ce ƙuda da ɓera da mutum duk tsarin gadinsu ɗaya ne, amma haka Mahalicci ya yi.

Yanzu ka bi abin da yake faruwa in maiƙon nan ya shiga raminsa. Makama tana da kai a waje da wutsiya a cikin ƙwayar halitta. Muddin tana ita kaɗai, shiru take. Da maiƙon ya zauna, sai ya jawo wata makama 'yar'uwarta, su biyu su manne. Da kawunansu sun haɗu a waje, wutsiyoyinsu sun haɗu a ciki ke nan. Haɗuwar wutsiyoyin tana samar da wani sabon wurin zama da babu shi a dā, sai wani furotin na ciki ya zo ya hau. Shi kuma ya kira wani, wani ya kira wani, kamar yadda ake miƙa bokitin ruwa hannu da hannu in gobara ta tashi. A ƙarshe saƙon yana kai wa ɗakin tsakiya na ƙwayar, inda aka ajiye umarnin ƙera komai. Nan take sai a fara ƙera 'yan aike.

Akwai kuma masu tsaro a cikin gida, don wanda ya riga ya tsallake katanga. Zaren gado na ƙwayar halitta yana da ɗakinsa. In aka tsinci irin wannan zare yana yawo a tsakar gida, alama ce cewa baƙo ya shigo ko wani abu ya fashe. Wani furotin mai suna cGAS yakan kama zaren, ya ƙera wani ɗan ƙaramin abu mai siffar zobe. Zoben ya je ya faɗa cikin ramin wani furotin mai suna STING, wanda yake da ɓari biyu kamar ɓawon gyaɗa. Da ya shiga, sai ɓarin biyu su matso, murfi ya rufe a kansa, ƙararrawa ta tashi. Sai a 2013 aka gano wannan, a birnin Dallas na Amurka. Ba sai ka riƙe sunayen ba. Ka dai riƙe cewa kowane saƙo a jiki haka yake tafiya: ƙaramin abu ya shiga ramin da ya dace da shi, babban abu ya sauya siffa, aiki ya biyo baya.

'Yan aike da abin da suke jawowa

'Yan aiken da mai haɗiya yake saki ana kiransu saitokin. Su ma furotin ne, kuma su ma sai sun sami makamarsu kafin a ji saƙonsu. Ka ɗauki misalin ƙaya da ta soke ka a gona. 'Yan aike suna isa ga ƙananan jijiyoyin jini na kusa, jijiyoyin su buɗe, jini ya ƙaru, sai wurin ya yi ja ya yi ɗumi. Bangon jijiyar ya ɗan saki, ruwa ya tsiyayo, sai kumburi. Bangon kuma ya yi danƙo, fararen ƙwayoyin da suke wucewa cikin jini su maƙale a nan, su kutsa su fito fagen fama. Mugunyar da kake gani bayan kwana biyu, yawancinta gawarwakin waɗannan mayaƙan ne. Ciwon da kake ji ma saƙo ne, domin wasu 'yan aiken suna zama a kan jijiyoyin jin zafi don ka daina taka ƙafar.

In abin ya fi ƙarfin unguwa ɗaya, 'yan aike sukan bi jini su kai ƙara ƙwaƙwalwa. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da yake riƙe da ma'aunin zafin jiki, a kusan digiri 37. Da saƙo ya iso, ana ƙera wani abu mai suna furostagilandin, ya shiga makamarsa a wurin, ma'aunin ya tashi zuwa 39 ko 40. Yanzu jiki yana ganin kansa a cikin sanyi, ko da rana tana tsaka. Shi ya sa mai zazzaɓi yake karkarwa yana neman bargo, domin karkarwa hanya ce ta hura wutar jiki. In saƙon ya lafa, ma'auni ya sauko, sai gumi ya karyo. Kasala da rashin son abinci da ciwon gaɓoɓi, su ma aikin 'yan aiken ne, suna kwantar da kai don ƙarfin jiki ya tafi wurin yaƙi.

Ka ga ke nan zazzaɓi ƙararrawa ce. Ruwa ba ya tsami banza. Amma ƙararrawa ba ta faɗin sunan ɓarawo, domin maleriya da taifot da ciwon huhu da ciwon sanƙarau duk igiya ɗaya suke ja.

Zazzaɓin Abijan

Duk wanda ya zauna a Abijan ya san mahaɗar Indeniye, tsakanin Ajame da Filato, yadda ta yi suna da ambaliya in ruwan watan Yuni ya sauka, har gbaka da woro-woro su tsaya cik. Bayan ruwa ya janye yakan bar kududdufai a lunguna, ya cika tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Cikin kwana 10 ko ƙasa da haka, ƙwan sauro ya zama sauro mai cizo. 'Yan'uwanmu da suke zuwa cin rani daga Tawa da Maraɗi da Katsina, masu kwana a bakin shago ko a tashar mota ta Ajame ba gidan sauro, su ne abincinsa na farko.

Ƙwayar maleriya tana fara ɓuya a hanta, mako ɗaya ko fiye, ba wanda ya ji motsinta. Daga nan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, tana cin abin da ke ciki tana hayayyafa. Kusan kowane sa'o'i 48 ƙwayoyin jinin da ta cika sukan fashe, su zubar da sababbin ƙwayoyin cuta tare da tarkacensu, har da wani baƙin gari da ya rage daga jinin da suka ci. Wannan tarkace ne masu haɗiya suke kamawa, sai su saki 'yan aike da yawa a lokaci ɗaya. Shi ya sa zazzaɓin yakan zo ya tafi ya dawo. Ranar da jiki ya yi sanyi, ƙwayar tana nan cikin jini tana shirin fashewa ta gaba. Kada ka ce ka warke.

Gwajin maleriya ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. In maleriya ce, maganin kwana 3 ne, kuma a shanye shi duka ko da jiki ya yi daɗi a rana ta biyu. In gwaji ya nuna ba ita ba ce, sai a nemi wani dalili. A 2017 an yi annobar zazzaɓin dengi a Abijan, wanda sauron tayoyi da randuna mai cizo da rana yake kawowa, kuma maganin maleriya ba ya taɓa shi. In ka koma gida arewa zazzaɓi ya kama ka, ka gaya wa ma'aikacin lafiya inda ka fito da ranar da ka taso.

Yanzu maganar farasitamol. Abin da yake yi shi ne rage ƙera furostagilandin, sai ma'aunin ƙwaƙwalwa ya sauko, jiki ya yi sanyi, ciwon kai ya lafa. Magani ne mai amfani, muna ba da shi kullum. Amma bai kashe ƙwayar cuta ko ɗaya ba. Ya kama harshen ƙararrawa ne, ɓarawo yana cikin ɗaki. Uwar da take ba yaro farasitamol safe da yamma har kwana uku tana ganin sauƙi, ita ce takan kawo mana shi a rana ta huɗu jini ya ƙare, tafin hannu fari fat. Ki ba shi don ya ji sauƙi a hanya, amma ki kawo shi a gwada kafin kwana ɗaya ya cika. Kada ki wuce sau 4 a yini da dare, kuma yawan maganin ya bi nauyin yaron, ki tambayi ma'aikaciyar jinya ta nuna miki. Asfirin kuwa ba na yara ba ne. Babba ma kada ya sha asfirin ko ibufurofen a zazzaɓin da ba a gwada ba, domin in dengi ne suna iya jawo zubar jini.

In ƙararrawa ta yi yawa

Abin da yake ceto a yatsa ɗaya yana iya kisa in ya game jiki. In ƙwayoyin cuta suka cika jini, masu gadi na ko'ina suna sakin 'yan aike gaba ɗaya. Jijiyoyin jini duka su buɗe, duka su yi yoyo, ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda da ƙwaƙwalwa su rasa rabonsu. Yakan biyo bayan haihuwar da ba a yi da tsabta ba, ko cibiyar jariri da aka shafa wa toka ko kashin shanu, ko rauni da ya ruɓe, ko maleriya mai tsanani.

Alamunsa su ne numfashi da sauri, ruɗewa ko barcin da ba a iya tashin mutum, fitsari ya ragu ko ya ɗauke, hannu da ƙafa su yi sanyi alhali jiki da zafi, jijjiga, ko amai da duk abin da aka sha. Wanda ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan, ba a jiran gari ya waye. A nemi mota ko babur a daren. Ku dattawan ikkilisiya da masu unguwa, yana da kyau ku san tun yau wanda za a buga wa ƙofa in irin wannan ta taso, da inda kuɗin mai zai fito. A yi addu'a a hanya.

Gyambon da ba ya ciwo

Yanzu mu koma ga tambaya ta biyu, ta wanda ya ce ba ya jin ciwo. Akwai ɓarawon da yake fara tsinke igiyar ƙararrawa kafin ya shiga, kuma Kodebuwa tana cikin ƙasashen da ya fi yi wa ɓarna a duniya. Sunansa gyambon Buruli. An ba shi sunan wani yanki na ƙasar Yuganda inda aka ga masu shi da yawa a shekarun 1960. Ƙwayar da take kawo shi 'yar'uwar ta tarin fuka da ta kuturta ce. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi babban taro a kansa a Yamusukuro, aka yi alkawarin yaƙi da shi.

Ana samunsa a inda ruwa yake kwance ko yake tafiya a hankali: fadamu, gonakin shinkafa, bakin madatsun ruwa, irin na yankunan Daloa da Yamusukuro da Tiyasale. Kusan rabin masu kamuwa da shi a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ya fi fitowa a ƙafa ko hannu, domin ƙwayar tana son wurin da bai kai cikin jiki ɗumi ba. Zama da mai shi ko cin abinci tare da shi ba ya sa a kamu. Ba sammu ba ne, ba kuma wani ne ya taka abu ba, kuma kada wani ya ce zunubin mai shi ne.

Ƙwayar tana fitar da wani dafi mai maiƙo, maikolakton, wanda aka gano a 1999. Ka tuna mun ce 'yan aike furotin ne da ake ƙerawa a cikin ƙwayar halitta. Kafin a fitar da su waje sai sun bi ta wata 'yar ƙofa, ita ma furotin ce, masana suna kiranta Sec61. Dafin nan yana da siffar da ta dace da bakin ƙofar, sai ya shiga ya toshe ta. Mai gadi yana iya jin baƙo, amma ɗan aikensa ba shi da hanyar fita. Saboda haka ba kiran mayaƙa, ba zazzaɓi, ba ja, ba mugunyar kirki. Dafin yana kuma kashe jin zafi a jijiyoyin wurin. A cikin wannan shirun yake cinye kitsen da ke ƙarƙashin fata.

Farkonsa ɗan ƙullutu ne mai tauri a ƙarƙashin fata, kamar ƙwayar gurjiya, yana motsi in an taɓa. Wani lokaci fili ne mai tauri kamar tafin hannu, ko kuma ƙafa ko hannu ya kumbura gaba ɗaya ba ciwo. Bayan makonni fatar ta ɓarke, gyambo ya buɗe da farin abu a tsakiya kamar auduga. Bakinsa yana da rami ta ƙarƙashi, wato abin da ya ci a ɓoye ya fi abin da ido yake gani faɗi. In an bar shi yana iya kai wa ƙashi. In ma ya warke da kansa bayan watanni, tabon yakan ɗaure gwiwa ko gwiwar hannu, yaro ya tashi ba ya iya miƙe ta. Wanda zai riƙe fartanya ko adda duk rayuwarsa, ka san abin da wannan yake nufi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganin Buruli ƙwayoyi ne iri biyu na sha, rifamfisin da kilaritromaisin, kullum har mako 8, tare da wanke gyambon da ɗaure shi. In an kama shi yana ƙullutu, sau da yawa ba a bukatar fiɗa. Rifamfisin yana mai da fitsari ja kamar ruwan goro, wannan ba komai ba ne. Amma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu magungunan ƙanjamau, don haka ki gaya wa likita in kina shan su. Babban asibitin koyarwa na Tireshbil yana da sashen cututtukan fata, kuma Cibiyar Raoul Follereau da ke Azofe ta daɗe tana jinyar masu kuturta da masu Buruli. Amma wurin farawa shi ne ƙaramin asibitin da ya fi kusa da kai.

Akwai abu guda da yake tsorata masu shan maganin. Wani lokaci ana cikin sha, ko bayan an gama, sai gyambon ya kumbura, ya fara ciwo, ya yi mugunya, har wani sabo ya ɓullo kusa da shi. Mutum ya ce magani bai karɓe shi ba, ya koma wurin mai saƙe-saƙi. Sau da yawa abin da ya faru shi ne ƙwayoyin cutar sun mutu, dafi ya ragu, ƙofa ta buɗe, masu gadi sun farka sun tarar da ɓarna, suna share wurin. Kada ka daina sha. Ka koma wurin wanda ya ba ka maganin ya duba.

Wasu masu toshe bakin ƙararrawa

Ba Buruli kaɗai yake sa jiki shiru ba. Jaririn da bai kai wata 2 ba, garkuwarsa ba ta gama ƙwari ba. Cuta mai tsanani tana iya kama shi jikinsa ya yi sanyi maimakon zafi. In ya ƙi nono, ko ya yi laushi, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi fiye da yadda kika saba, asibiti a ranar. Haka yaron da tamowa ta kama, domin jikin da bai sami furotin ba ba shi da kayan ƙera 'yan aike. Haka tsofaffi, da masu ciwon sukari, waɗanda ƙusa takan soke su a tafin ƙafa ba su sani ba.

Akwai kuma wanda mutane suke saya da kuɗinsu. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake tallarsu a faranti a kasuwanni, da yawansu dekzametazon ne ko danginsa. Mayukan bilicin da yawa su ma suna ɗauke da irin wannan sinadari, kuma gwamnatin Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015. Wannan magani yana shiga har ɗakin tsakiya na ƙwayar halitta ya hana a ƙera 'yan aike. A hannun likita yana ceton rai, a ciwon asma mai tsanani misali. Amma mai shan sa wata da watanni don kumatu su fito, ta kwantar da masu gadinta barci ne. Ƙibar ma ta fuska da ciki ce, hannu da ƙafa suna ramewa. In kin daɗe kina sha, kada ki yanke rana ɗaya, domin yankewar farat ɗaya tana da nata haɗarin. Ki kawo kwalin mu gani, a rage miki sannu a hankali.

Zafin jiki bayan allura

Iyaye mata sukan ce allurar rigakafi tana sa yaro zazzaɓi, har wasu su ƙi komawa. Gaskiya ne takan sa, kuma yanzu kin san dalili. Garkuwa mai koyo ba ta fara karatu sai masu gadin farko sun buga ƙararrawa, don haka a cikin allurai da yawa ana sa wani abu kaɗan da zai tashe su da gangan. A watan Yuli na 2024 Kodebuwa ta zama ƙasa ta farko da ta fara yi wa yara allurar maleriya mai suna R21 a cikin rigakafin yau da kullum. Abin tashin masu gadi da ke cikinta daga ɓawon wata itaciya ta ƙasar Chile ake samo shi. Ana yin ta sau 4, ana farawa yaro yana wata 6. Tana rage haɗarin maleriya ƙwarai, amma ba ta ɗauke bukatar gidan sauro ba, kuma yaron da aka yi wa ita, in ya yi zazzaɓi daga baya, shi ma sai an gwada shi.

Ɗumin jiki da ɗan kumburi a wurin allura na kwana ɗaya ko biyu ne. Ki ci gaba da ba shi nono, ki rage masa kaya, ki ba shi farasitamol in yana fitina. In zafin ya wuce kwana 2, ko yaron ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, kada ki ɗora wa allura laifi ki zauna a gida. Ki kawo shi tare da katinsa na rigakafi.